Wutar da Na Sa wa Mai Rawani

Ba tatsuniya zan yi muku ba, saboda haka kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, ta wuce, ta bar ni zaune. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi a takarda ba. Jikata Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, abin da na faɗa shi take sawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Abin da ya sa na yi magana, ranar Talatar makon jiya na fito da safe na tarar da tsofaffin tayoyin mota jibge a ƙofar gida. Na yayanta ne, Lawali. Shi da abokansa sun gaji da zaman fada, wato majalisarsu ta samari a bakin titi, sun ce za su shiga aikin dutse.

Na ce, "Maigida, lefen nawa ne aka kawo?"

Ya ce, "Tsohuwa, wa zai yi asarar lefe a kanki? Dutse za mu gasa."

"Wane dutse?"

"Mai Rawani. Kowa sai ya tsallake shi, ga shi bakin hanya, kamyo, babbar motar lodi, zai tsaya har gindinsa. Wuta ce fa kawai da guduma. Ke ma da hannuwan nan naki kamar kara kin yi, balle mu."

Mai Rawani shi ne dutsen da ya danne uwarsu, 'yata Zara. An gaya musu a wurin dutse ta rasu, ba a gaya musu wane dutse ba, ba a kuma gaya musu wutar wa ba. Na ce masa, "Ka ba ni zuwa Alhamis. Ka kai ni wurin, in na gama magana ka hura." Ya yi dariya ya ce to, amma shi ba zai goya ni ba.

To, ku samari masu cewa wuta ce kawai da guduma, ku matso.

Aikin farko da na taɓa yi, a wani gida ne cikin Birni, ina biye da Gwaggo Fanna, ƙanwar ubana. Ita makoɗiya ce. A zamanin nan kowane gida akwai dutsen niƙa, kuma dutsen niƙa in ya daɗe yana aiki sai ya yi sulɓi, gero ya riƙa zamewa bai niƙu ba. Sai a kira mu mu koɗa shi, wato mu sassara fuskarsa ta sake yin kaushi. Abin aikin makoɗi ne, dunƙulen farar ƙanƙara daidai cikin tafin hannu. Ranar nan Gwaggo ta miƙo mini nata ta ce in gwada. Na ɗaga hannu da ƙarfin ƙuruciya na sauke a gefen dutsen, sai ga ɓalli ya tashi kamar faɗin tafi. Dutsen na amarya ne, uwarta ta kawo mata shi tun daga Dogo a kan jaki. Matar gidan ta juya ta shiga ɗaki. Sai da muka fito ƙofar gari, sannan Gwaggo ta ce, "Hajara, dutse ba dukansa ake ba, tambayarsa ake. Ki taɓa, ki saurara, ki sake taɓawa." Wata guda muka yi muna sassaƙa wa amaryar nan sabo, ba a ba mu ko ruwa a kansa ba.

A wannan watan na koyi cewa duwatsun Damagaram ba ɗaya ba ne, ko da yake mai wucewa a mota yana ganinsu duk tulin abu guda. Akwai wanda muke kira mai tsaki. In ka fasa shi za ka ga ƙwaya-ƙwaya, ja-ja kamar goro, fari kamar gishiri, da baƙi mai ƙyalli. Ba shi da gaba ba shi da baya, in ya sha wuta ɓarewa yake kamar albasa. Shi ne na niƙa, don ba ya zubar da yashi cikin gari. Akwai kuma mai saƙa, wanda baƙi da fari suka jeru layi-layi kamar zanen saƙi. Shi ta bin saƙarsa yake tsagewa, ya ba ka fale-fale masu kyau na gindin gini, amma in ka yi dutsen niƙa da shi, mai gida zai tauna tsakuwa a tuwo ya tsine maka. Sai jijiya, farar ƙanƙarar da ke ratsa su duka biyu. Daga nan muke cire makoɗi, kuma guduma in ta same ta tartsatsi take yi ta dawo maka.

Abin da Gwaggo ta nuna mini ban manta ba, saƙar nan ba yadda ta ga dama take kwanciya ba. In ka tsaya a kan dutse ka ba gabas fuska, yawanci za ka ga ta taso daga hagunka ta nufi damanka, daga arewa zuwa kudu. Haka na gan ta a nan bayan gari, haka na gan ta wajen Zermu da muka je biki. Na tambayi Gwaggo wa ya tsefe su haka. Ta ce, "Wanda ya tsefe gashin kanki. Ɗauki kwandonki."

Sai da na tsufa Rakiya ta shiga jami'a tana karatun duwatsu, ta zo mini da amsa. Ta ce wai tun kafin a yi mutum, ƙasa biyu ne suka taho suka yi karo kamar raguna, ɗaya daga yamma ɗaya daga gabas. Inda suka haɗu ƙasa ta tattare ta tashi tsaunuka, can ƙarƙashinsu kuma zafi da nauyi suka sa dutse ya yi laushi kamar ƙullin fura, ya miƙe, ya lanƙwashe, wani ya narke ya kutsa cikin wani. Wanda aka matsa shi ne mai saƙa, wanda ya narke ya huce shi ne mai tsaki. Sannan ruwa da iska suka cinye tsaunukan kaf, saiwarsu ta rage, a kanta muke zaune.

Na ce, "A Damagaram ɗin nan? Tsaunuka?"

Ta ce, "Kaka, har sun fi na Ayar da ke can arewa."

Na ce, "To ina ruwansu ya tafi, muke bin masu baro da bido, jarkarmu ta ruwa?"

Ta ce ai shi ya sa. Wannan dutse shi ne gindin ƙasa, ba shi da ƙofar da ruwa zai zauna, rijiya in ta kai kansa ta tsaya. Na ce Allah ne masani, ban ga karon ba. Amma cewa an matsa shi, wannan hannuna ya sani tun ba a haifi malaminta ba. Abin da aka matsa ba ya mantuwa, ko ya yi shekara nawa yana shiru.

Ranar da na fara ganin an gasa dutse, da sassafe ne cikin sanyi, don wuta ta fi cin dutse in jikinsa da sanyi. Babu taya a lokacin. Busasshen kashin shanu muke tarawa da kara. Gwaggo ta share wurin, ta jera su dogon layi bisa saƙa, ta hura. Ba a barin wuta wuri ɗaya. Kana tsugune kana sauraro, in ka ji ƙas daga ciki, ka ja wutar baya da sanda kamar taki ɗaya, tsagar ta biyo ta. Haka har rana ta yi tsaka, idonka na ruwa, girarka ta ƙone. In an gama, akwai sharaɗi uku, kuma Gwaggo ba ta sassauta ko ɗaya. Na ɗaya, a bar shi kwana uku, ba mai raɓarsa, don yana ci gaba da tsagewa yana hucewa. Na biyu, a zagaye shi da makoɗi, gabas da yamma, kudu da arewa, ana taɓawa ana saurare. Lafiyayyen dutse ƙara yake siririya. Wanda ya rabu daga ciki amsawa yake kamar tulun da ba ruwa. Na uku, wadda ta sa wuta ita ke fara zama a inuwarsa, ta ci abincinta a nan, kafin kowa ya zauna. Na ce mata wannan na ukun me ya sa? Ta ce, "Don wadda ta san ita za ta zauna, ba ta ha'inci a na biyun."

Dutse ɗaya ne ta hana. Yana gefen hanyar da ke fita gabas, tsayinsa ya kai ɗaki biyu, saƙarsa ba ta miƙe ba, naɗewa ta yi tana komawa kanta kamar rawanin malami. Gefensa na gabas ya ɗan rusuna, bayan azahar yana ba da inuwa mai daɗi, nan mata ke zama. Gwaggo ta ce, "Wannan a sha inuwarsa, kada a sa masa wuta. Inda saƙa ta juya, tsaga ma juyawa take, ba ki san inda za ta ɓullo ba."

Injin niƙa ya shigo gari Gwaggo tana da rai. Ba rana ɗaya aikinmu ya mutu ba, a hankali ya tsiyaye. Gidan da ke kiranmu duk kaka ya koma sai shekara biyu, daga baya sai ka shiga ka tarar da dutsen an kife shi ana wanke-wanke a kai. Da Gwaggo ta rasu ta bar mini makoɗinta da tari irin nata. Muka koma fasa tsakuwar gini, wadda maso, wato magina, ke kira garabiye. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka yi gammo da yankin roba ka sa dutse a ciki don kada ya yi tsalle, marto, wato 'yar guduma, a hannun dama, daga hantsi zuwa la'asar. Ku dubi yatsan nan, ba haka aka haife ni da shi ba. Masu saye kuwa kowa da halinsa. Maso na kirki zai ɗebi tsakuwa ya murza a hannu, ya san mai tsaki daga mai saƙa. Direban kamyo shi tuli kawai yake gani, ya shure shi da ƙafa ya ce rabinsa ƙasa ce. Da wannan marto na aurar da Zara. Da mijinta ya tafi arewa neman aiki labarinsa ya yanke, da shi na karɓe ta, ita da Lawali yana tafiya, Rakiya tana nono.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bunni, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tun kafin sanyi ya fita mutanen ƙauye suka cika bayan gari, daga wajen Dogo, daga wajen Gidimuni, mata da maza, kowa da guntun ƙarfe a hannu. Ba ka hana mai yunwa dutse. Amma duk wani dutse mai sauƙi an kama shi, tsakuwa ta yi yawa har ba mai tambaya. Muka yi kwanaki muna dafa ganyen tafasa da ɗan garin rogo, nonon Zara ya fara ja baya.

Ana cikin haka wani direba ya zo yana neman manyan fale-fale na gindin gini, kamyo guda, ya ce nan da kwana biyu zai dawo, wanda ya tanada shi zai saya. Duk wurin ba mai saƙa da ya rage a bakin hanya sai Mai Rawani. Na zagaya shi na duba. A gefen yamma saƙar ta miƙe sarai kamar tsawon mutum biyu kafin ta fara naɗewa. Na ce a raina, in na tsaya a miƙaƙƙen wurin, na ɗauke wuta kafin lanƙwasa, me zai faru? Zara ta ce, "Inna, ba shi ne Gwaggo ta hana ba?" Na ce, "Gwaggo ba ta ga wannan shekara ba."

Na sa wutar da kaina, ta kuwa ci da kyau. Fale-falen suka tashi a yamma kamar an yanka da wuƙa. Washegari na bar shi. Rana ta biyu direba zai zo, sai na ɗauki makoɗi da hantsi. Na taɓa yamma, na taɓa kudu, na taɓa arewa. Gabas ban je ba. Na ce me wuta ta sani a gabas, tana can bayan dutse? Kwana biyu ke nan maimakon uku, kusurwa uku maimakon huɗu.

Bayan azahar kamyo ya iso. Rana tana dukan mutum kamar da gayya. Zara tana ta fasa tsakuwa a fili tun safe, ba ta ci komai ba, na ga tana lumshe ido. Na ce, "Tashi ki koma inuwa." Ta ce, "Inna, ba ki zauna ba tukuna." Na ce, "In na sallami mutumin nan zan zo. Je ki." Ta kwance Rakiya daga baya ta miƙo mini, ta ce, "To riƙe mini ita, bayana ya jiƙe." Ta ɗauki martonta da gammonta ta zagaya.

Ina tsaye da yarinya a kafaɗa, maza suna ɗaga fale-fale da dogon ƙarfe suna jefawa cikin kamyo, kowane jifa ƙasa na amsawa. A jifa na nawa ne ban sani ba. Ƙarar ba ta da girma. Kamar an sauke buhu daga kan jaki, sai ƙura ta taso ta bayan dutse.

Tsagar da na ɗauka ta tsaya inda na ɗauke wuta, ashe ba ta tsaya ba. Ta bi lanƙwasar ta ciki, ta haye, ta ɓullo a goshin gabas. Ɓallin da ya faɗo ya danne Zara, da dogayen ƙarafan lodin nan aka ɗaga shi. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Direban ya sauke abin da ya loda ya tafi. Baƙin da suka gani damina ta mayar da su garuruwansu, 'yan gari da suka sani kuma suka ce ƙaddara, suka rufe baki saboda ni. Kwana bakwai na koma kan marto, don akwai baki biyu a gida.

Bara Rakiya ta zana mini irin wannan naɗi a takarda, tana nuna mini yadda abin da ake gani a sama yake ci gaba a ƙarƙashi ya fito wani gefe. Tana murna ta iya. Na ce mata zanen ya yi kyau. Ba zan ce da na ga takardar da ban yi ba. An gaya mini da baki, na ji da kunne.

Ranar Alhamis muka tafi mu uku bayan azahar, Lawali yana tura tayoyinsa a baro, yana tsokanata wai tafiyata ta hawainiya ce. Da muka isa na ciro makoɗin Gwaggo daga bakin zane na ba shi.

"Taɓa nan." Ya taɓa yamma, ƙara siririya.

"Zagaya." Muka zagaya gabas. Ƙaton ɓallin yana nan kwance inda aka ture shi, ciyawa ta fito gefensa. Na nuna masa sama, inda sauran goshin ya rusuno. Ya miƙa hannu ya taɓa. Dutsen ya amsa kamar tulu.

Ya ce, "Wannan ai a rataye yake. Wa ya taɓa gasa shi?"

Na ce, "Ni."

Na gaya musu kamar yadda na gaya muku, ban rage kwana ba, ban ƙara kusurwa ba. Rakiya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Lawali yana tsaye da makoɗi a hannu. Can ya ce, "A ina ta zauna?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Ta ce miki ba ki zauna ba?"

"Ta ce."

"Kika ce ta je."

"Na ce ta je."

Sai na taka na shiga inuwar, na zauna a wurin, na miƙe ƙafa. Rabona da inuwar nan tun kafin ranar. Na kwance ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli da na zo da shi na sa a baki. Na ce, "Zaman nan nawa ne, ban yi shi ba. Ni ce mai wutar fari. In za ka hura, ka hura, ga ashana a aljihunka. Amma a nan za ka same ni, yau da gobe da jibi."

Lawali ya matso. Na ji tsakuwa tana ƙara ƙarƙashin takalminsa. Ya sunkuyo ya shigo, kansa na gogar dutsen, ya kama ni ta hammata.

Ya ce, "Tashi, Kaka."

Na ce, "Ban gama ci ba."

Ya ce, "Ki tashi daga nan. Ɗaya ta isa."

Shi da ya ce ba zai goya ni ba, a bayansa na fito har bakin hanya. Ya sauke ni, ya koma ya juya baron da tayoyin a ciki. Muka kamo hanyar gida.

Yau kwana shida. Tayoyin ya mayar wa mai su. Yana gaishe ni da safe, yana cin tuwon da na tuƙa, amma bai sake ce mini tsohuwa ba, ni ma ban sake ce masa maigida ba. Ko wasan zai dawo, ko ya tafi ke nan, ban sani ba, ban kuma da bakin tambaya. Makoɗin dai bai dawo mini da shi ba. Jiya Rakiya ta ce ta hango shi bayan gari tare da abokansa wajen wani mai tsaki, su suna zaune, shi yana zagayawa yana taɓawa, kunnensa a jikin dutse. Na ce kusurwa nawa? Ta ce ba ta ƙirga ba, amma ta ga ya ɓace ta baya ya daɗe bai fito ba.

Masu tatsuniya in sun gama sukan ce ƙarya suka yi, kowa ya tashi da dariya. Ni ba ni da wannan ƙofa. Ajiye alƙalamin, Rakiya, na gama.